Kurakuran da muke yi wajen gyaran jiki da kayan gida

Mata da yawa a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru sun fara juya wa mayukan kanti baya suna komawa ga kayan da iyayenmu suka saba da su, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka kira na gargajiya ba ya cutarwa, alhali cutarwa tana bin abin da ke cikin kayan da kuma yawan da aka yi amfani da shi.

Kwalli ne ya fi damuna, domin jarirai ake sa wa. Kwallin dutse, mai ƙyalƙyalin nan da ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa ma'adinin dalma ne. Jaririn da aka zizara wa shi yakan murza ido da hannu sannan ya kai hannun baki, ta haka gubar take shiga jikinsa tana taruwa, har ta taɓa ƙwaƙwalwa ta rage kaifin fahimta, ba tare da zazzaɓi ko wata alamar da uwa za ta gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da haɗari. Gyaran a nan ba shi da wuya: kada a sa wa yaro kwalli ko kaɗan, mai juna biyu ma ta haƙura da shi, idon jariri kuwa auduga da tafasasshen ruwan da ya huce sun ishe shi.

Lalle ma an gurɓata shi. Ganyen lalle na asali ja yake bayarwa, kuma sai an ƙunsa shi na sa'o'i kafin ya kama. Wanda yake yin baƙi wuluk cikin ƙanƙanin lokaci an haɗa shi da rinin gashi mai sinadarin PPD, shi ne yake sa hannun amarya ya kumbura ya yi ƙuraje daidai kan zanen, wani lokaci sai bayan biki da kwanaki. Wadda fatarta ta taɓa yin haka ta guji rinin gashi ma, domin jiki ba ya mantawa. A koma ga jan lalle da aka kwaɓa da ruwan lemun tsami.

Batun man bilicin sananne ne, amma akwai wata dabara da ta kamata a fallasa: masu haɗi sukan zuba maganin shafawa mai ƙarfi a cikin man kaɗe, su sayar a robar da ba ta da rubutu suna cewa haɗin gida ne. A shekarar 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta kayan shafa masu haidirokinon, wato sinadarin da ke sa fata ta yi fari, da kuma masu zaiba, wadda take lalata ƙoda. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan haɗin kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata takan yi bore. Ta je asibiti a tsara mata yadda za ta rage. A lokacin hunturu zallar man kaɗe da sabulun salo sun wadatar.

Kanwar da ake kawowa daga yankin tafkin Cadi gishiri ce mai ƙarfi. Ɗan ƙwaya a miyar kuka ko kuɓewa ba laifi, amma ɗura wa mai jego kunun kanwa safe da yamma, ga wankan ruwa mai tsananin zafi, yana ɗora wa zuciya nauyi, kuma likitocin Zariya sun danganta wannan al'ada da ciwon zuciya bayan haihuwa tun a shekarun 1970. A rage kanwar, a sirka ruwan. Idan ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ya yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar.

Kaskon turaren wuta kuma kada ya kwana a ɗaki a rufe, domin garwashin gawayi yana fitar da iska mai kisa marar wari. Jarkar maganin feshin auduga ba ta zama ta ruwan sha ko ta mai ba, ko sau nawa aka wanke ta. A huda ta yadda ba wanda zai sake ɗauka.