Kurakuran da ke kashe samfurin jirgin yaƙi na katako tun kafin a kai ga igiya

Da yawa daga cikin samfuran jiragen ruwa na katako da aka fara haɗawa ba sa kaiwa ga filafili. A saman kabad suke ƙarewa, rabin jiki da falankai, rabi a tsirara, ƙura ta rufe su. Duk sanda wani ya kawo mini irin wannan ya ce in duba masa, kurakuran nan ne dai nake tararwa, kuma na gaji da faɗinsu ga mutum ɗaya bayan ɗaya.

Na farko yana faruwa tun kafin a buɗe kwali. Kowa HMS Victory yake so, kuma ban ga laifinsu ba. Jirgin Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ne a yaƙin ruwa na Trafalgar na 21 ga Oktoba 1805, an saka shi a ruwa a Chatham a 1765, yana ɗauke da igwa 104, kuma tun 1922 yana zaune a busasshiyar tasha a Portsmouth ta Ingila, duk mai so ya je ya gani. Amma samfurinsa na kamfanin Caldercraft a ma'aunin 1:72, wato an rage girman ainihin jirgin sau 72, ya kusa mita ɗaya da rabi a tsawo, benen igwa uku ne, igiyoyin ainihin jirgin kuwa sun kai kilomita 40 da ɗoriya. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Ka fara da ƙaramin jirgi mai jigo, wato sandar da ke ɗauke da filafili, ɗaya ko biyu. In tarihin Trafalgar ne ya ja ka, ga Pickle nan, ɗan jirgin da ya kai labarin nasarar da mutuwar Nelson Ingila. Duk abin da Victory zai nema a hannunka, Pickle zai koya maka shi a ƙanƙane.

Sai babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami: ƙwarangwal. Yawancin kwalaye suna zuwa da ƙashin baya na filawud ko MDF (allon garin katako da aka matse), da haƙarƙari da ake zurawa a cikin tsagoginsa. Ɗan koyo yana ganin an yanko su tsaf da na'ura sai ya ɗauka aikin ya gama kansa, ya zura, ya shafa gam, a yini ɗaya ga siffar jirgi ta fito, murna ta cika shi. A nan ne jirgin yake mutuwa, mai shi bai sani ba sai bayan watanni.

Da farko, ƙashin bayan nan sau da yawa a ɗan karkace yake zuwa. Ka ɗora shi a kan gilashi ka gani. In gefe ɗaya ya ɗaga, ka jiƙa shi kaɗan ka danne da nauyi har ya bushe, sa'an nan ka kafa shi tsakanin katakai biyu miƙaƙƙu da ka buga a kan allon aiki, kada ya fita daga nan sai falankai sun riƙe shi. Kowane haƙarƙari ka sa masa sikwaya kafin gam ya kama. Kowanne fa, ba na farko da na ƙarshe kawai ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙin goge bakin haƙarƙari. Na'ura a tsaye take yanka su, jikin jirgi kuwa lanƙwasa yake yi, musamman a goshi da baya. Falanki yana bukatar ya kwanta a kan faɗin bakin haƙarƙari gaba ɗaya. In ba a goge bakin ya bi lanƙwasar ba, a kan kaifi ɗaya kawai falankin zai taɓa, gam bai sami wurin kamawa ba, ga kusurwa tana turo shi waje. Na yi asarar jirgi sukutum a kan wannan. Da na gama shimfiɗa falankan farko na ɗaga shi ga hasken taga, sai ga shi kamar saniyar ƙarshen rani, ana ƙirga haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya ta cikin fata. Na cika ramukan da garin katako da gam, na goga, na sake cikawa, har samfefa ta huda falanki a wurin da ya fi tudu. Babu gyara. Duk wanda ya ce maka shimfiɗa ta biyu, wato falankan sama da ake ɗorawa a kan na farko, za ta rufe aibin ta farko, bai taɓa gwadawa ba. Falankin sama siriri ne, bai kai ko milimita ɗaya ba a kwalaye da yawa, abin da ke ƙarƙashinsa yake bi sau da ƙafa.

Yadda nake yi yanzu: ina manna samfefa a jikin wani siririn katako mai tsawon da zai haye haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda, in riƙa gogawa a tsawon jirgi. Kafin in fara nakan shafa wa bakin kowane haƙarƙari fensir, don in ga inda samfefa ta ci da inda ba ta taɓa ba. Jefi-jefi in ɗauki falanki ɗaya in kwantar a wurare daban-daban, daga goshi har baya. In na ga haske a ƙarƙashinsa, ko ya yi tsalle a wani wuri, da sauran aiki. Inda haƙarƙari ya gaza, in manna masa ɗan siririn katako in sake gogewa. Tsakanin haƙarƙarin farko da goshi kuma nakan cusa katako mai laushi in sassaƙa shi, don falanki ya sami abin kwanciya a wurin da lanƙwasa ta fi tsanani. Wannan aikin yana cin kwanaki, babu abin nuna wa kowa a cikinsa, shi ya sa ake tsallake shi. Kada ka tsallake.

Wani kuskuren da ke sa raina ɓaci shi ne manna falankai yadda suka zo daga kwali, faɗinsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Malam, ka dubi jirgin mana! Cikinsa ya fi goshinsa faɗi nesa ba kusa ba. In ka auna daga ƙashin baya zuwa sama a haƙarƙarin tsakiya ka sami milimita 100, falankinka kuma milimita 5 ne, to falankai 20 kenan. In a goshi wannan tazarar milimita 60 ce, dole waɗannan 20 ɗin su shiga cikin 60, wato kowanne ya koma milimita 3. Lissafin ɗan firamare ne, amma sai ka ga mutum ya yi biris da shi, falankai sun cunkushe a goshi, ƙarshe ya koma yanka su da tsini kamar mashi yana cusawa. Maƙeran jiragen Chatham a zamaninsu ba sa ƙare falanki da tsini, domin tsini ba ya riƙe ƙusa kuma ruwa ta nan yake shiga. Ka auna kowane haƙarƙari da siririyar takarda, ka raba, ka sa alama da fensir. Ka rage faɗin daga gefe ɗaya kawai, ni na sama nake ragewa. Kada falanki ya sirance ya gaza rabin faɗinsa. In lissafi ya nuna zai gaza, ka tsayar da ɗaya kafin ya isa goshi, biyu su koma ɗaya. A baya kuma, inda wuri yake buɗewa, ka ƙara guntu a tsakani.

Kuma ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, falankan za su ja ƙashin bayan su murɗe shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na cikin kwali busasshe ne, sai ka mayar masa da danshi da zafi. Ni nakan jiƙa shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, in bi shi da zafin dutsen guga a kan wani abu mai zagaye, in kafa shi a mazauninsa ba gam, in bar shi ya bushe. Washegari ake mannawa. Falankin da aka manna a jiƙe zai tsuke in ya bushe, ya bar maka tsaga.

Wannan ya kawo ni ga abin da takardar bayanin cikin kwali ba za ta faɗa maka ba, don waɗanda suka rubuta ta a Turai suke, ba su san hunturunmu ba. Na taɓa shimfiɗa falankan sama a tsakiyar damina, aiki ya yi kyau, ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Da iskar hunturu ta kaɗa, wata safiya na tarar da layuka sun buɗe daga goshi har baya, farin katakon ƙasa yana leƙowa ta tsakanin baƙin na sama. Katakon da ya sha danshin Agusta ne ya tsuke a Janairu. Tun daga nan, in kwali ya iso, nakan fito da katakon in bar shi a ɗakin aiki makonni ya saba da iskar wurin, kuma da rani nake shimfiɗa falankai. Kafin in rufe bene nakan shafe cikin jirgin da gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa. Igiya kuwa akasin haka take yi: zaren auduga yana ɗaurewa da danshi, ya saki da bushewa. In ka ja shi tamau da hunturu, damina na zuwa zai lanƙwasa maka siraran jiguna na sama. Wasu sun koma zaren foliyesta saboda wannan. Ni har yanzu na auduga nake so, sai dai ba na ja da ƙarfi.

A gefe guda, wani abin sha'awa: katakon sapele da kamfanonin Turai suke sakawa a kwalayensu daga garin Sapele na jihar Delta ya samo suna, obeche ma na dazukan Afirka ta Yamma ne. In falankan shimfiɗar farko suka ƙare maka, obeche na kasuwar katako zai yi. Amma kada ka sa maɗaci a waje. Ramukan jikinsa manya ne, a ma'aunin 1:72 sai su zama tamkar an sassare jirgin da gatari.

Sufa-gulu ba na falankin sama ba ne. Yana shiga cikin katako ya bar tabo mai sheƙi wanda folish ba ya rufewa. Farin gam na kafinta, a goge rarar da jiƙaƙƙen ƙyalle nan take.

Sai mantawa da ma'auni, wanda ke fitowa fili a wurin ado. Ka riƙa raba komai da 72, ko da duk ma'aunin da kake aiki da shi. A 1780 aka lulluɓe ƙasan Victory da farantan jan ƙarfe don kare shi daga tsutsar ruwa da ciyawa. Kowane faranti ƙafa 4 ne a tsawo, inci 14 a faɗi, wato wajen milimita 17 da 5 a samfuri. Kan ƙusoshin da suka riƙe su da ƙyar ido zai gan su a wannan girman, amma sai ka ga an bi su da allura an yi musu ƙuraje ɓaro-ɓaro. Haka ƙusoshin katako na bene: ɗigo baƙi ƙirin a kan farin falanki, alhali a jirgin gaske sai ka sunkuya kake ganinsu.

A igiya akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka daɗe. Tsofaffin jadawalin sojan ruwan Ingila da kewaye suke auna igiya, ba da kauri ba. Igiyar anka ta Victory inci 24 ce, amma kewayenta kenan. Kaurinta bai kai inci 8 ba, a samfuri bai cika milimita 3 ba. Wanda bai san haka ba, zai ninka kowace igiya sau uku. Kuma kada ka yi dukan jirgi da zare iri ɗaya. Igiyoyin da ke riƙe jiguna a tsaye ana shafa musu kwalta, don haka duhu ne da su, kuma masu kauri ne a ƙasa, suna sirancewa in an yi sama. Waɗanda ake ja don sarrafa filafili launin igiyar rama ne da su. Matakalar igiya da matuƙa ke hawa, tazararta wajen milimita 5 ce a 1:72: ka ja layuka a kan kati ka sa a bayanta, ka ɗaure da zare mafi siranta da kake da shi, ka bar shi da ɗan saki. Kowane zare ka bi shi da kakin zuma kafin ka ɗaura, gashinsa zai kwanta.

Ka zaɓi shekara ɗaya ka tsaya a kanta. Victory na 1765 ba shi da jan ƙarfe, kuma barandar bayansa a buɗe take, sai a babban gyaran 1800 zuwa 1803 aka rufe ta. Ratsin baƙi da rawaya na zamanin Trafalgar ne. Rawayan ma ba ruwan ƙwai ba ne mai ɗaukar ido: bayan an binciki tsofaffin fentin jikinsa, a 2015 aka sake masa launi mai haske da ya ɗan karkata ga ja. Masu haɗa jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a Stockholm a 1628 aka tsamo shi a 1961, su kuma sukan bar shi baƙi-baƙi yadda yake a gidan tarihi, alhali ranar da ya tashi sassaƙe-sassaƙensa fente suke da ja da shuɗi da ruwan zinariya.

Igwa ba girma ɗaya ba ne: masu harsashi mai nauyin fam 32 a benen ƙasa, 24 a tsakiya, 12 a sama. Ka kafa su da kyau, da ɗan ƙusa ta ƙasa in zai yiwu, kafin ka rufe benen da ke kansu, don in ɗaya ta ɓalle daga baya hannunka ba zai kai gare ta ba. Igiya kuma daga tsakiyar jirgi ake farawa a fito waje, daga ƙasa a yi sama.

Akwatin gilashi a yi shi tun kafin a kafa jiguna. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta maƙale a kakin zuman da ke jikin zare, kuma babu buroshin da zai shiga tsakanin igiyoyin Victory ya fito bai tsinka wata ba. Ka auna har da tsinin jigon goshi da faɗin sandunan filafili, ka ƙara santimita 5 a kowane gefe kafin ka kai wa mai yankan gilashi.