Saitin alayimen (daidaita tsayuwar tayoyi) ga motar gudu a kan titi

Kafin a hau na'urar alayimen, a duba bushin (robobin ƙafar mota) da boljoyin (gaɓoɓin ƙafar mota), a daidaita iskar tayoyi. In akwai mai lilo, saitin ba zai zauna ba.

A gaba, kamba, wato karkatar saman taya, ta kwanta ciki digiri 1.5 zuwa 2, baya kuma 1 zuwa 1.5, don taya ta kama ƙasa a kwana. Bakin tayoyin gaba, wato inda suka fuskanta, ya tsaya sak a sifili. Na baya su ɗan tsuke ciki, jimilla kamar digiri 0.2, in ba haka ba gindin motar zai riƙa wutsil-wutsil idan an taka birki. Buɗe bakin taya waje kuwa ya fi kamba cinye gefen taya na ciki. Kasta, wato jinginar ƙafar tayar gaba zuwa baya, ta zo daidai hagu da dama, don kada mota ta riƙa ja gefe.