Yadda za ka raini bishiya a ƙofar gida har ta fi ƙarfin akuya

Sau uku ina dasa bishiya a ƙofar gidana da ke unguwar Ɗorayi a Kano tana mutuwa. Ta farko akuya ta cinye, ta biyu gara, ta uku kuwa ni na kashe ta da zumuɗi, don a watan Maris na dasa ta. Ta huɗu ce ta kama, darbejiya, ita ce yanzu muke shimfiɗa tabarma a gindinta bayan la'asar.

Ka jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ruwan Kano bai wuce na wata huɗu ba, Agusta ne marka, Satumba na ƙarewa ya ɗauke. In ka dasa a wannan lokacin, sama ta ɗauke maka ban ruwan wata uku.

Darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina, asalinta daga Indiya take, kuma ba ta jin fari. Sai dai saiwarta ba ta da kunya, tana tsaga daɓe ta shiga shadda. Ka ba ta taku biyar daga katanga, ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Mangwaro na son ruwa, kuma ranar da ya fara 'ya'ya kwanon rufinka ya shiga uku da jifan yara. Tsamiya sai mai haƙuri. Ni dai ina jin haushi in na tuna unguwannin Kurna, Giginyu, Rimi, har Ɗorayin tamu, duk sunan itatuwa ne, amma yau sai ka sha yawo kafin ka ga masu sunan.

Rami ya kai zurfin gwiwa. Ƙasar cikin gari cike take da leda da ɓaraguzai, ka tsince su tas. Ka cakuɗa ta da takin awaki wanda ya bushe ya ruɓe, ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Barbaɗa toka kaɗan. Da yamma ake dashe: tsaga ledar da dashen ya zo a ciki da reza, kada ƙasar da ke riƙe da saiwar ta warwatse, sannan ka bar gindin da ɗan kwari kamar kasko don ruwa ya tsaya.

Shinge kuwa a ranar za ka yi shi, kada ka ce sai gobe. Tsofaffin bulo na jera da 'yar tazara don iska, har tsayin ƙirjina, domin akuyar birni tsayuwa take da ƙafa biyu. Daga nan na bi maƙwabta gida gida. Na ce wa dattijon da ke kusa da ni, "Baba, don Allah idan layya ta matso kada yara su ɗaure rago a nan." Ya ce, "Ai inuwar tamu ce duka, Malam." Wani almajiri da ke mana aike na ce masa bishiyarsa ce, tun daga ranar ko kaza ba ta isa ta yi tono a wurin ba.

Rani na farko shi ne jarrabawar, musamman Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ka huda gindin gorar ruwa da allura, ka binne ta kusa da dashen, bakinta a waje, kana cikawa duk yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun wadatar, ban da mai omo. In famfo ya ƙafe, jarka ɗaya daga mai garuwa tana kai ni mako. Rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin itacen.

In ganye ya zube da hunturu kada ka tuge. Karce ɓawon da farce, in ka ga kore a ciki tana da rai. A shekara ta biyu ka sare ƙananan rassa don ta miƙe, bulo kuwa ka bar su sai kaurinta ya kai na taɓarya.