Daga aji uku zuwa ranar kare furojet: yadda ɗalibin kwamfuta zai gina abu guda mai aiki

Ƙannena masu shiga aji uku a sashen kwamfuta, ko a Jami'ar Jos kuke ko a wata jami'ar, ga shawarar da nake ba duk ɗalibin da aka turo ofishinmu neman sanin makamar aiki. Da "ka" zan yi magana, amma har da ke, ƙanwata. Ka zaɓi matsala guda, ƙarama, ta mutanen da ka sani, ka riƙe ta tun makon farko na aji uku har ranar da za ka tsaya gaban malamai kana kare furojet. Duk kwas ɗin da aka koya maka, ka koma ɗaki ka gwada shi a kanta.

Dalili kuwa shi ne, a aji uku ake fara sauke maka manyan kaya: rumbun bayanai, nazari da zayyana tsari, injiniyancin manhaja, algoridim (matakan warware matsala a kwamfuta), sadarwar kwamfutoci. Kowane malami zai koyar da nasa, ya yi jarrabawarsa, ya yi gaba. Babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗinke maka su wuri guda. Shi ya sa za ka ga ɗalibi da maki mai kyau a kowane kwas, amma a ce ya gina abin da mai shago zai yi amfani da shi, sai ya fara sosa ƙeya.

Kafin komai, ka nemi kundin kwasa-kwasan sashenku ka karanta na shekara biyun gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin karatu da ake kira CCMAS. A cikinsa ta ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da digiri daban-daban kamar kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsarin bayanai da tsaron intanet. Kashi 70 na abin da za a koyar hukumar ce ta tsara, kashi 30 ta bar wa kowace jami'a. Don haka kada ka dogara da tsofaffin takardun yayanka da ya gama shekarun baya. Wani kwas ɗin an canja masa zango, wani an haɗe shi da wani.

Sai zaɓen matsala. Ka rabu da "manhajar kula da asibiti" da "manhajar zaɓe ta intanet". Malamai sun gaji da ganinsu, kuma ba ka da asibitin da zai buɗe maka fayilolinsa. Ka hau keke ka sauka kasuwar Farin Gada, inda ake sauke dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da tumatir. Akwai dillalin da ke karɓar kaya daga manoma, ya ba 'yan kasuwa bashi, a loda a yi kudu, kuɗi su riƙa dawowa gutsure-gutsure. Duk lissafinsa yana cikin littafi mai bango ja da kuma kansa. Ga furojet nan.

Ka sa wanda ya san shi ya kai ka, da ɗan gari akan ci gari. Kada ka je masa da takardar tambayoyi ashirin. Ka gaishe shi, ka nemi benci ka zauna ka yi kallo, in kasuwa ta lafa ka yi tambaya.

"Alhaji, in mutum ya ɗauki buhu goma ya biya kuɗin shida, ina kake rubuta sauran?"

"Ga shi nan ɗana, a gefen sunansa."

"To in buhu ɗaya ya ruɓe a hanya fa, wa ke ɗaukar asarar?"

"Wannan ai ba ya shiga littafi. Ya danganta da wane ne."

Wannan amsa ta ƙarshe ita ce ainihin abin da kwas ɗin nazarin tsari yake nufi da tattara buƙatu. Akwai dokokin da mai sana'a ke aiki da su waɗanda bai taɓa furtawa ba, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka jefa masa misali. Ka rubuta su duka a shafi biyu da Hausa, ka karanta masa, ya gyara maka. Zanen akwatuna da kibiyoyi da malam zai nema ya biyo baya.

A rumbun bayanai nake so ka daɗe, don nan ne yawancin furojet ke karyewa. Tsarin jadawalai masu alaƙa da juna da muke amfani da shi, Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1970, kuma har yau shi ke ƙarƙashin manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da SQLite. Ɗalibi yakan fara da jadawali guda mai faɗi: sunan mai saye, lambar wayarsa, kayan da ya ɗauka, farashi, abin da ya biya, saura. Gwada shi da shafi uku na littafin Alhaji ka gani. Mai saye guda ya bayyana sau bakwai, lambar wayarsa sau bakwai. Ranar da ya canja layi, ka gyara wuri shida ka manta ɗaya, yanzu mutum guda yana da lamba biyu. Maganin shi ne ka raba: jadawalin masu saye daban, kowa da lambar shaidarsa, jadawalin ciniki daban, jadawalin biyan kuɗi daban, kowane biya layi guda da kwanan wata. Matakan gyaran jadawali na ɗaya da na biyu da na uku da kuke haddacewa don jarrabawa, wannan aikin ne kawai aka sa wa suna.

Ka lura ban sa gurbin "saura" a ko'ina ba. Kada ka adana abin da za a iya lissafowa. Saura shi ne jimillar ciniki a cire jimillar biya, ka bar SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ya lissafo duk sanda aka tambaya. In ka adana shi, wata rana zai saɓa da sauran lambobin, kuma ba za ka san wanne ne mai gaskiya ba.

Kuɗi kuma ka ajiye su a kwabo, cikakkiyar lamba marar ɗigo. Buɗe Python, harshen nan na rubuta kod, ka rubuta 0.1 + 0.2, amsar da za ta ba ka ita ce 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama daidai a wannan ƙirgen. A ciniki guda ba komai ba ne. A ciniki dubu hamsin, lissafi zai ƙi cika.

Sai batun da kowa ya taɓa ɗanɗanawa a wurin mai POS: an cire kuɗi a asusunka, ba su shiga wancan ba. A manhajarka ma haka za ta iya faruwa. An rubuta cewa buhu goma sun fita, kafin a rubuta bashin a kan mai saye sai batir ya mutu. Don haka ake kulle irin waɗannan matakai a ƙulli guda, a buɗe da BEGIN a rufe da COMMIT: ko duka su shiga, ko kada ko ɗaya ya shiga. Ka gwada da hannunka, ka kashe shirin a tsakiyar aiki ka duba abin da ya saura. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar haddar ma'anar ACID, ƙa'idoji huɗu na amincin irin wannan ƙulli.

Abu ɗaya da littattafan waje ba za su tuna maka ba shi ne sunayenmu. Ka saita rumbun a kan UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san namu masu lanƙwasa, tun farko, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Kuma ka yanke shawarar abin da zai faru in yaron shago ya rubuta Danladi alhali Ɗanladi aka adana, ko Muhammadu a madadin Muhammad. Neman suna da ya gane duka biyun ya isa ya zama sashe mai kyau a babi na huɗu na rubutun furojet ɗinka.

Kwas ɗin algoridim ba sai na tsawaita ba. Ka ƙirƙiri layukan bogi miliyan ɗaya ka zuba a jadawalin masu saye, ka nemi suna guda, ka auna lokaci. Sai ka sa fihirisa a gurbin sunan ka sake aunawa. Bin layi ɗaya bayan ɗaya na iya cin mataki miliyan, amma in an jera su ana raba biyu ana zubar da rabi, mataki wajen 20 ya isa. Ka ajiye lambobin da ka samu, za ka sa su a rubutunka.

Tun ranar farko ka sa aikin a Git, shirin da ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi a kod, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ka riƙa tura kwafi GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka. Kwamfuta na lalacewa, ana sace ta a hostel, filas na ɗaukar bairos a shagon buga takardu. Bayan haka tarihin da Git ke ajiyewa shaida ce a hannunka: wata goma sha takwas na ƙananan canje-canje da kwanan wata, babu mai cewa saye ka yi.

A kwas ɗin injiniyancin manhaja za a ba ku tarihi: taron NATO na 1968 a Garmisch ta Jamus inda sunan fannin ya yaɗu, da tsarin bin mataki-mataki da ake dangantawa da takardar Winston Royce ta 1970, da mutum 17 da suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka fitar da sanarwar Agile, ta gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gwadawa da mai ita. Ka karanta don jarrabawa. A aikace abin da nake so ka ɗauka shi ne kada ka ɓuya wata shida sannan ka fito da abin mamaki. Duk mako biyu ka kai wa Alhaji abin da ka yi, ka miƙa wa yaronsa wayar, ka yi shiru. Kada ka nuna masa inda zai danna. Za ka ga yatsansa na neman maɓalli inda babu, za ka ga rubutunka ƙanana ba sa karantuwa a rana, za ka gane cewa da sanyin asubar Jos mutumin da hannunsa ke cikin aljihu ba zai cika gurbi takwas don buhu ɗaya ba. Kuma sabis na yankewa a cikin rumfuna, don haka manhajar ta iya aiki ba intanet. SQLite na cikin kowace wayar Android, ka adana a nan, in sabis ya dawo ta tura.

Zangon SIWES, wato lokacin da ake tura ɗalibi wurin aiki ya san makama, shi ne damarka mafi girma, kuma shi aka fi wasa da shi. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda hedikwatarsa ke nan Jos, shi ya fara wannan shirin a 1973, kuma a jami'o'i da dama ɗaliban kwamfuta kan yi wata shida. Kada ka zaɓi wuri don girman suna ko sanyin iya-kwandishan. Akwai manyan ofisoshin da za ka ƙare a ɗaukar fotokwafi da haɗa firinta. Ka tambaya tun kafin a sa hannu a takardarka: akwai masu rubuta kod a nan? Wani zai riƙa duba abin da na rubuta? Ƙaramin wuri mai mutum huɗu da ke amsa "e" ya fi. A Jos akwai cibiyar fasahar kwamfuta ta nHub da ire-irenta, a Abuja kuma wuraren sun fi yawa, sai dai kuɗin mota da na kwana. Ka nuna wa babba a wurin manhajar Alhaji, ka roƙe shi ya yi mata kaca-kaca. Littafin rahoton SIWES kuma ka cika shi mako-mako, na daren ƙarshe ana gane shi daga tawada.

A aji huɗu sai tsaro. A gurbin kalmar sirri na manhajarka ka rubuta ' OR '1'='1 ka danna shiga. In ta buɗe, to kana liƙa rubutun mai amfani kai tsaye cikin umarnin SQL ne, ka koma ka gyara da tambayoyi masu gurbi, inda ake tura umarnin daban, rubutun mai amfani daban. Kalmomin sirri kada su zauna tsirara, ka niƙa su da bcrypt, hanyar da ke mayar da su rubutun da ba a iya juya shi zuwa asalinsa. Sunaye da lambobin waya da bashin mutane kuwa amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su. A hotunan da za ka sa cikin furojet ka yi amfani da sunayen bogi.

Kan ChatGPT da 'yan uwansa, ra'ayina ba mai tsauri ba ne. Ka tambaye shi ya bayyana maka saƙon kuskure, ka sa shi ya soki zayyanarka. Amma duk layin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba, kada ya kwana a cikin aikin.

In ka bi wannan hanya, lokacin da abokanka ke yawo da taken furojet uku suna jiran sufabaiza ya amince da ɗaya, kai da abu mai aiki za ka shiga ofishinsa. Ka ce, "Dakta, ga abin da nake yi tun bara, ina so ka duba ko zai yi." Zai iya ƙara maka wani abu, misali hasashen farashi ko tura saƙon tunatarwa ga masu bashi, ka karɓa. Babi biyar ɗin ma rabinsu na hannunka: hirarka da Alhaji ita ce babi na ɗaya, zayyanar jadawalai babi na uku, gwaje-gwajenka da lambobin da ka auna babi na huɗu. Babi na biyu ne zai ci lokacinka, don sai ka karanta ayyukan wasu da gaske, kuma ana bincikar satar rubutu.

Ranar karewa ka cika batir tun dare, ka tabbata komai na tashi a kwamfutarka ba tare da intanet ba, ka ɗauki bidiyon minti uku na manhajar tana aiki ka ajiye a waya da filas. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ba zai karanta shafi tamanin ba. Yakan buɗe zanen jadawalai ya tambayi dalilin da ya sa ka raba wannan da wancan, ko ya ce ka buɗe kod ka canja abu guda a gabansa, kamar ƙara gurbin garin mai saye. Ka sa abokinka ya yi maka irin waɗannan tambayoyin sau biyu ko uku kafin ranar, yana duba agogo, don lokacin da ake ba mutum kaɗan ne.