Yadda za ka bi sawun giwa da dokin sakas tun daga wajen dillali

In dai kana son gano inda giwaye da dawakan sakas, wato masu wasan nan da ke yawo gari-gari da tanti a Turai da Amurka, suka fito, to kar ka fara yarda da abin da ke jikin fosta. A da, mai sakas in ya sayi giwa yakan canza mata suna, ya ƙara mata tsawo da shekaru don jama'a su yi tururuwa, sai ka ga giwa ɗaya da suna biyu ko uku.

Fara da hoto, ka duba kunne. Ta Afirka kunnenta fankeke ne, ta Asiya ƙarami, kuma yawancin na sakas 'yan Asiya ne, mata, don sun fi saurin horuwa.

Daga nan sai ka nemi dillalin, a nan aikin yake. Sunan da za ka yi ta cin karo da shi shi ne Carl Hagenbeck na Hambog a Jamus, wanda a zamaninsa yake da wakilai a Afirka da Asiya suna turo masa dabbobi ta jirgin ruwa. Abin da ya fi min ciwo wallahi, sau da yawa sai an kashe uwar kafin a kama ɗan, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Gwada hannunka da Jumbo, wani shahararren toron giwa, tunda tarihinsa a rubuce yake: an kamo shi yana ƙarami a yankin Sudan, ya zauna gidan zu a Faris, aka kai shi Landan a 1865, sannan a 1882 Barnum, wani mai sakas ɗan Amurka, ya saye shi fam 2,000 ya tsallaka da shi Amurka, jirgin ƙasa ya buge shi a Kanada a 1885. Ka ga kowane canjin hannu akwai shekara da gari, irin wannan sarƙar za ka haɗa wa kowace giwa.

Sai tsoffin jaridun 'yan sana'ar, New York Clipper da Billboard, inda a da ake tallan dabbobin sayarwa, da littattafan da kamfanonin ke bugawa na garuruwan da suka bi a shekara. Gidan tarihin sakas na Baraboo a Wiskonsin yana da su tuli.

Dawakai kam sai ka yi haƙuri, duk da cewa da su aka fara harkar, tun da Philip Astley ya fara wasan dawaki a Landan a 1768. Raba su biyu: na wasa a fili masu faɗin baya da ake tsayawa a kai, da ƙarfafa irin Fasheron, wani jinsin manyan dawaki, waɗanda a da suke jan kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin tanti. Na biyun nan ba kasafai ake rubuta sunansu ba, don haka ka nemi takardun gwanjo na lokacin da sakas ya karye, nan ne za ka ga adadinsu da wanda ya saya.