Ku yi wa bincikenku rajista tun kafin ku fara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bincike. Kafin ku fita tattara bayanai, ku shiga OSF (Open Science Framework), wani shafin intanet da ake yi wa bincike rajista, ku rubuta hasashenku da yadda za ku tantance sakamako. Da zarar an yi rajista, takardar ta kulle da kwanan wata, ba mai cewa sai da kuka ga sakamako kuka gyara tambaya. Mai tsoron a sace masa tunani, ana iya ɓoye ta har shekara 4.

In an kammala, ku ɗora ɗanyen bayanan a Zenodo, wani rumbun ajiye bayanan bincike a intanet. Kyauta ne, CERN, cibiyar binciken kimiyyar nukiliya ta Turai, ke riƙe da shi, kuma za a ba ku lambar DOI, wato lambar dindindin da za a riƙa gano bayananku da ita a intanet. Amma fa ku goge sunayen mutanen da kuka tambaya tukuna. Ni da filashi na dogara, rana ɗaya ya ƙi buɗewa, aikin wata shida ya bi ruwa.