Darasi na Bakwai: Lambun Magani a Ƙasar Sanyi

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, tsaunin Mambila kuwa ya fi shi tsayi. Shi ya sa dankalin Turawa, kabeji da furen wardi suke yi a Filato, ganyen shayi kuma yake yi a Mambila. A watan Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, mutum kan ji sanyin asuba har cikin ƙashinsa. Mutane da yawa suna ganin lokacin nan ba na shuka ba ne. Alhali akwai tsirran magani da sai da sanyin suke jin daɗi. Aikin mai lambu shi ne ya san wanda ke son sanyi da wanda ke gudunsa.

Tafarnuwa ce kan gaba a masu son sanyi. Ba ta yin kai mai kyau sai ta sha sanyi tun tana ƙarama, don haka ake shuka ta a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ku ɓare kan tafarnuwa, ku zaɓi manyan 'ya'yan, ƙananan ku kai su kicin. Ku dasa kowane ɗaya tsininsa yana kallon sama, zurfin gaɓar yatsa biyu, tazarar faɗin tafin hannu tsakaninsu. Bayan wata huɗu zuwa biyar ganyen zai fara yin rawaya yana kwanciya. A nan sai a daina ban ruwa, a jira kamar mako biyu, a tone, a shanya a inuwa.

Hulba ma 'yar sanyi ce. Ana yafa irinta kai tsaye a kan kunya, domin ba ta son a cire ta a sake dasawa. Na'a-na'a kuwa ba ta da wuya ko kaɗan: reshe ɗaya a ƙasa mai laima ya isa. Sai dai ku sa ta a tukunya ko tsohon bokiti mai huji a gindi, don saiwarta tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, in aka sake mata za ta cinye fangalin gaba ɗaya.

Akwai wani fure mai ruwan lemo da ake kira kalandula, wanda ya dace da wannan yanayi sosai. Yakan fara fure kimanin wata biyu bayan shuka, kuma yawan tsinka shi ke sa ya ƙara fitowa. A tsinke shi da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A baza a faifai, ɗaiɗai, kada wani ya hau kan wani. Idan kun murza shi tsakanin yatsu kuka ji yana ƙaras-ƙaras, ya bushe. Busasshen ake jiƙawa a man zaitun ko man kaɗanya don shafawa a kaushi da tsagewar fata, abin da hunturu ke yawan kawowa. In da sauran danshi a jikinsa, man zai yi fumfuna, wahalar ta tashi a banza.

Ɗoɗɗoya, citta da zoɓo ba sa cikin wannan sahu. Masu son ɗumi ne, a bar su sai damina. Wanda yake son ɗoɗɗoya a hunturu ya sa ta a tukunya, ya jingina ta da bangon da rana ke duka, domin bango yana riƙe zafi ya sake shi da dare.

Sau da yawa ba sanyin kansa ke kashe shuka ba, busasshiyar iska ce. Ku kafa zana ko shingen kara ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Ku rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Ban ruwa kuma da safe ya fi. Da damina matsalar takan juya: a Yuli da Agusta ruwa yana yawa, saiwa tana ruɓewa. Ku ɗaga kunya kamar taƙi ɗaya, ku zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai.

Ganyen da za a sha a matsayin magani, kada a fesa masa maganin ƙwari, kada a shayar da shi da ruwan kwata. Kuma ina roƙonku, idan zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi asibiti a yi gwaji, shayin ganye ba ya maye gurbin maganin zazzaɓin cizon sauro. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin ta sha hulba, haka nan mai shan maganin tsinka jini kafin ya yawaita tafarnuwa.

Aikin gida: ku rubuta sunayen tsirrai uku masu son sanyi da biyu masu gudunsa. Sannan kowa ya zagaya gidansa da safe, ya duba inda rana ke fara sauka da inda iska ke shigowa, ya zana su a takarda, ya zo da ita aji mako mai zuwa.